Kama da wane ba ta wane: gwajin GAD ko na si-feftayid, wanne za ka fara yi idan ƙwayar suga ta daina aiki?

Yayana tela ne. Yana da shekara 37 aka ce masa yana da ciwon suga, mutumin da tun tasowarmu ba mu taɓa ganinsa da tumbi ba. A asibitin da ya fara zuwa aka rubuta masa metfomin da Daonil, aka ce irin na manya ne, nau'i na biyu, ya rage tuwo ya riƙa tattaki. Shekarar farko lafiya lau. Ta biyu aka ninka ƙwaya. A ta uku na shiga shagonsa na tarar da shi a kan keke yana rage ƙugun wandonsa, karo na biyu ke nan cikin 'yan watanni, ga robar ruwa a gefen ƙafarsa ta kusa ƙarewa tun kafin azahar.

Na ce, “Yaya, ka tabbata kana shan maganin nan kuwa?”

Bai ce komai ba, ya buɗe aljihun keke ya miƙo mini kwalin, ya ce in ƙirga. Babu ko ɗaya da ya tsallake. A gida wasu na cewa satar cin abinci yake yi, wasu na cewa jifa ne. Har yau tambayar nan tawa tana damuna, domin mutumin yana iya ƙoƙarinsa, ciwon ne aka yi wa suna ba daidai ba.

Likitan da muka gani daga baya, a wani asibitin koyarwa, tambaya uku ya yi kafin ya taɓa biro: shekara nawa aka gano, ya taɓa yin ƙiba, akwai mai maƙoƙo a dangi? Sannan ya rubuta gwaji biyu, GAD da si-feftayid. Kuɗin ɗaya muke da shi a wannan watan. Na san gidaje da yawa za su tsinci kansu a irin wannan tsaka mai wuya, shi ya sa na zauna na rubuta abin da kowane gwaji yake iya faɗa da abin da ba ya iyawa.

Ciwon da likitan yake zargi ana kiransa LADA. A nau'i na ɗaya, wanda aka fi sani ga yara, garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa ƙwayoyin da ke haɗa insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, a fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, kuma ɓarnar tana sauri, yaro ba shi da makawa sai allura. A nau'i na biyu insulin yana nan, jiki ne ba ya jin maganarsa, galibi saboda ƙiba da gado. LADA kuwa ɓarnar garkuwa ce irin ta nau'i na ɗaya, sai dai a jikin babban mutum kuma a hankali, kamar gara a azara. Da farko sauran insulin ɗin da ya rage yana isa ƙwaya ta yi aiki, kowa ya ɗauka nau'i na biyu ne. Bayan shekara biyu, uku, biyar, rufin ya rufto.

Sunan ya fito ne a 1993 daga binciken Tiinamaija Tuomi da Leif Groop na Finland tare da Paul Zimmet na Ostireliya. A 2005 ƙungiyar masana garkuwar jiki a kan ciwon suga ta sa sharaɗi uku: ciwon ya bayyana daga shekara 30 zuwa sama, a sami aƙalla alamar garkuwa ɗaya a jini, kuma mutum ya yi wata 6 na farko bai buƙaci insulin ba. Sharaɗi na ukun nan ni bai gamsar da ni ba, don ya dogara ne da hannun likitan da ka faɗa. Wani zai fara maka allura ran farko, wani zai bar ka a kan ƙwaya har ka zama ƙashi da rai, alhali ciwon ɗaya ne. Su ma manyan ba su daidaita ba. Ƙungiyar ciwon suga ta Amurka tana lissafa shi cikin nau'i na ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a rabe-rabenta na 2019 ta ware shi cikin nau'o'in da ta kira masu ruwa biyu.

Kuma ba abu ne na nadiri ba. Babban binciken nan na Birtaniya, UKPDS, ya auna jinin mutum 3,672 da aka ce suna da nau'i na biyu, sakamakon ya fito a 1997: kusan ɗaya cikin goma suna ɗauke da alamar garkuwar da ake kira GAD. Cikin waɗanda ciwon ya kama tsakanin shekara 25 da 34, kashi 34 cikin ɗari ne. Cikin 'yan 55 zuwa 65, kashi 7 kacal. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya: cikin 'yan ƙasa da shekara 35 masu alamar GAD, kashi 84 sun koma allura cikin shekara 6, marasa alamar kuwa kashi 14.

Kafin a kashe ko sisi a ɗakin gwaji, akwai abin da ido da tambaya suke bayarwa kyauta. Likitoci a Melbon sun fitar da alamu biyar a 2006: ciwon ya zo kafin shekara 50, ya zo da ƙarfi, da ƙishirwa da yawan fitsari da rama, mutum ba mai ƙiba ba ne, shi kansa yana da wata cutar garkuwa, kamar ta maƙoshi da ke kawo maƙoƙo ko fararen tabon nan da ke yaɗuwa a fata, ko wani a danginsa yana da ita. Mai biyu ko fiye daga ciki ya cancanci gwaji. Wanda kuwa yake da tumbi, ga hawan jini, ga baƙin kaurin fata a bayan wuya, uwa da uba duk masu suga ne, kuma metfomin ta riƙe shi shekara da shekaru, wannan ya adana kuɗinsa.

Gwajin GAD: wa ya yi ɓarnar?

Wannan gwajin yana neman sawun ɓarawo ne. Idan garkuwa tana yaƙar fankiriyas, tana barin alamomi a jini, kuma wadda ta fi yawa ga manya ita ce GAD. Akwai wasu biyu da ake ƙarawa, IA-2 da ZnT8, amma da GAD ake farawa. Ba ya buƙatar a zo da yunwa, hawan suga ko saukarsa a ranar ba ya canza shi, kuma galibi sau ɗaya ake yinsa. Babban amfaninsa shi ne yana hango gaba. Mutum na iya zama garau a kan ƙwaya ɗaya, fankiriyas ɗinsa na aiki, amma GAD ya nuna cewa gara ta riga ta shiga. Wanda ya san haka tun wuri ba zai ɓata shekara uku ana ƙara masa ƙwaya ana zarginsa da rashin kiyayewa ba.

Amma kada ka tsaya a kan kalmar “akwai” ko “babu”. Dubi lambar. Wanda lambarsa ta ninka iyakar ɗakin gwajin sau da yawa, ko aka same shi da alama biyu ko uku, ciwonsa ya fi kusa da nau'i na ɗaya kuma zai fi saurin buƙatar allura. Wanda ta ɗan haura iyaka kaɗan, GAD kaɗai, yana iya zama mai nau'i na biyu ne da gwaji ya yi wa ƙage. Masana a Jami'ar Exeter sun ja hankali a kan wannan a 2021, har suka ce abin da ake kira LADA tarin mutane iri biyu ne aka zuba a buhu ɗaya. Ga lissafin a sauƙaƙe, a matsayin misali: a ce gwaji yana kuskure sau ɗaya cikin ɗari. Ka auna dattawa masu ƙiba dubu, mutum goma za su fito da alamar ƙarya. Idan masu ciwon na gaskiya a cikinsu goma ne su ma, to rabin waɗanda aka ce suna da shi ba su da shi. Ka auna siraran 'yan shekara talatin da wani abu da suke ramewa, nan kusan duk wanda ya fito gaskiya ne. Gwajin ɗaya ne, wanda aka yi wa ne ya bambanta.

Rauninsa na biyu ya fi shafar mu. Rashin alamar ba ya wanke mutum. Ko a Turai, kashi 5 zuwa 10 na manyan da nau'i na ɗaya ya kama ba a samun alamar a jininsu, kuma takan dusashe idan ciwon ya daɗe. A Afirka kuwa tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka buga a 2025, wanda ya duba matasa kusan 900 masu allurar insulin a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu, ya tarar kusan kashi 65 cikin ɗari ba su da ko alama ɗaya, alhali insulin ɗinsu ya yi ƙasa sosai. A 2025 ɗin ne kuma ƙungiyar ciwon suga ta duniya, a taronta na Bankok, ta amince da nau'i na biyar, wanda ke kama siraran mutanen da suka sha tamowa tun ƙuruciya. Saboda haka siririn Bahaushe da aka ce masa “GAD babu” bai kamata ya koma gida da tunanin cewa ƙwaya za ta ishe shi ba.

Sannan ga wahalar samu. Ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, da yawa aika jinin suke yi wani gari, a jira kwanaki ko makonni.

Gwajin si-feftayid: me ya rage a rumbu?

A takardar ɗakin gwaji za ka ga an rubuta C-peptide. Duk lokacin da fankiriyas ya saki insulin, yana sakin wani ɗan guntu tare da shi, ɗaya bisa ɗaya. Insulin na kwalba ba shi da wannan guntun, don haka ko mutum yana allura, gwajin yana nuna abin da jikinsa yake haɗawa da kansa. Bai damu da wa ya yi ɓarnar ba, garkuwa ce ko tamowa ko wani ciwon fankiriyas. Leƙa rumbu kawai yake yi ya faɗi hatsin da ya saura, kuma a kan wannan amsar ake yanke maganar magani.

Kwamitin masana na ƙasa da ƙasa da ya zauna a kan LADA ya fitar da matakai uku a 2020. Ƙasa da 0.3 nmol/L, a bi da mutum kamar mai nau'i na ɗaya, wato insulin. Sama da 0.7, a bi da shi kamar mai nau'i na biyu, amma a guji su Daonil. Tsakanin 0.3 da 0.7 ana iya ci gaba da wasu ƙwayoyin, a riƙa maimaita gwajin duk wata 6. Lura da ma'aunin da ke jikin takardarka, domin ɗakunan gwaji da yawa da ng/mL suke rubutawa: 0.3 ɗin nan kusan 0.9 ne, 0.7 kuma kusan 2.1. Na taɓa ganin an karanta lambar wani ma'auni da idon wani ma'aunin, hankalin gida ya tashi a banza.

Sai dai shi wannan gwajin yana da sharuɗɗa, wanda bai kiyaye su ba ya zubar da kuɗinsa. A ɗebi jinin cikin awa 5 bayan cin abinci, a auna suga a lokaci guda, domin idan suga yana ƙasa fankiriyas hutawa yake yi, lambar za ta faɗi ba don rumbu ya ƙare ba. Kada a yi shi cikin mako 2 bayan an kwantar da mutum saboda suga ya yi mugun hawa, don a lokacin ƙwayoyin da ke haɗa insulin a sume suke, suna iya farfaɗowa. Mai ciwon ƙoda kuma lambarsa takan fito sama da gaskiya, saboda ƙoda ce ke fitar da guntun daga jini.

Babban gibinsa shi ne farkon ciwo. A shekarar farko mai LADA yana iya fitowa da lamba mai kyau tsaf, a ce masa ai ka gani, nau'i na biyu ne. Shi ya sa yarjejeniyar ƙungiyoyin ciwon suga na Amurka da Turai ta 2021 ta ce amfaninsa wajen rarrabe nau'i ya fi ƙarfi bayan ciwon ya shekara 3. Yana faɗin yau, ba ya faɗin baɗi.

Akwai wani wurin da si-feftayid ya yi wa GAD fintinkau, kuma wurin namu ne. Tun 1968 Farfesa Kwaku Adadevoh ya rubuta game da manyan 'yan Najeriya da suga ke kayarwa farat ɗaya, a kawo su asibiti rai a hannun Allah, a sa musu insulin, bayan 'yan watanni su daina buƙatarsa. Daga baya aka ga irinsa ga baƙaƙen fata a unguwar Flatbush ta Niyok a 1994, aka kuma gan shi ga 'yan Afirka mazauna Faris. Wannan kishiyar LADA ce: yana shigowa da hargowa kamar nau'i na ɗaya sannan ya lafa, LADA kuwa tana shigowa sumumu sannan ta tsananta. Mai irin wannan ba shi da alamar GAD, kuma idan aka auna si-feftayid bayan suga ya daidaita sai a ga ya dawo. Da wannan ne likita zai san zai iya janye allura a hankali. Kada wani ya ji labarin maƙwabcinsa da ya bar allura ya warke, shi ma ya ajiye tasa. Mai yiwuwa ciwonsu ba ɗaya ba ne, kuma ga mai LADA da rumbunsa ya ƙare, ajiye allura na iya zama ajali cikin kwanaki.

To wanne za a fara?

Ni a ganina tsawon ciwon ne ke yanke hukunci. Idan ba a daɗe da ganowa ba, shekara ɗaya ko biyu, kana ƙasa da 50, ba ka da jiki, kuma ƙwaya tana riƙe da kai, fara da GAD. Shi ne zai gaya maka abin da ke tafe tun kana da sauran abin da za a tattala. Idan kuwa ciwon ya haura shekara 3, ƙwaya biyu ko uku sun gaza, kana ramewa, to si-feftayid. A wannan matakin sanin sunan ɓarawo ba shi ne gaba ba, sanin abin da ya bari ne. Haka ma wanda aka fara wa allura tun ranar farko yana son sanin ko zai iya barinta. Mai hali ya yi duka biyun, don tare suke ba da cikakken hoto. Wanda kuma yake amai, ciki na ciwo, numfashi na fita da sauri da zurfi, ga suga a sama, wannan ba ya jiran kowane sakamako. A duba kiton a fitsarinsa, wato gubar da ke taruwa a jiki idan insulin ya yi ƙasa sosai, a kai shi asibiti a daren.

Mu si-feftayid muka zaɓa, tunda Yaya ya shiga shekara ta huɗu. Lambar ta fito ƙasa da 0.3. Likitan ya juyo da takardar ya nuna masa da bakin biro, ya ce, “Malam, ba laifinka ba ne. Babu ƙwayar da za ta matso abin da babu.” GAD sai bayan wata biyu muka yi, ya fito da yawa, likitan ya ƙara da gwajin maƙoshi tunda cututtukan garkuwa sukan zo tare.

Dalilin da ya sa duk wannan wahalar ta cancanta shi ne magani yana canzawa. Daonil da Amaryl da Diamicron dangi ɗaya ne, aikinsu tilasta wa fankiriyas ya fitar da insulin. Ga mai nau'i na biyu suna da amfani ga kuma araha, shi ya sa suka cika kemis-kemis ɗinmu. Ga mai LADA kuwa bulala ce a kan jakin da ya riga ya gaji da kaya. A wani bincike na Tokiyo da aka buga a 2008, an raba mutum 60 masu irin wannan ciwon gida biyu. Cikin 30 da aka bai wa wannan dangin ƙwaya, 13 sun kai ga dogara kacokan da insulin. Cikin 30 da aka fara wa ƙaramar allura tun wuri, 3 ne kawai. Binciken ƙarami ne, amma ya isa ya sa masana suka ce a kauce musu. Metfomin ba ta da wannan illar, tana da amfani musamman ga mai ɗan jiki, sai dai ita kaɗai ba ta daɗewa tana riƙewa. Sababbin ƙwayoyin nan masu zubar da suga ta fitsari, irin su Forxiga da Jardiance, suna taimakon zuciya da ƙoda ga mai nau'i na biyu, amma ga wanda insulin ɗinsa ya yi ƙasa suna iya jefa shi cikin gubar kiton ko da mita tana nuna suga bai hau sosai ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin leƙa rumbu kafin a fara su.

Wani abu a gefe, tunda sikila ta yi yawa a cikinmu: gwajin HbA1c da ake bin diddigin suga na wata uku da shi ba abin dogaro ba ne ga mai sikila ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan. Irin wannan ya riƙe mitarsa da littafin rubuta lambobi, su za su nuna ko ƙwaya ta fara gazawa.

Maganar azumi ma ta rataya a nan. Mai nau'i na biyu da ke kan metfomin kaɗai galibi yana iya azumi da ɗan gyaran lokacin sha. Wanda rumbunsa ya kusa ƙarewa yana cikin rukunin masu haɗari, suga na iya faɗuwa da la'asar ko kiton ya taso, don haka ya zauna da likitansa tun cikin Sha'aban, ba daren farko na tarawihi ba.

Abin da ya fi ba Yaya tsoro ba allurar ba ce, maganar mutane ce, wai duk wanda aka fara wa insulin ya zo gargara. Sai kuma inda zai ajiye ta, tunda wuta ba ta zama. Wadda ba a buɗe ba tana son firji, wadda aka buɗe tana yin kusan mako 4 idan an kare ta daga rana da zafi. Matarsa ta sami ƙaramar tukunyar ƙasa ta sa cikin babba, ta cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ta ajiye a inuwa kusa da randa. Wata huɗu bayan nan na koma shagon na same shi ya zare zaren da ya rage ƙugun wandon da shi, yana mayar da ɗinkin inda yake tun asali.